Masu zuwa Fas ziyara, don Allah ku daina kwana ɗaya ku juyo

Jama'a ina da magana da 'yan uwanmu masu zuwa Maroko ziyara, musamman masu zuwa birnin Fas, kuma ba suka nake yi ba, abin ne yake ci min rai. Mutum ya tara kuɗinsa da guminsa, ya sha fama da neman biza, ya sauka Kasablanka ya hau jirgin ƙasa ya yi wajen awa huɗu a hanya, ya isa Fas ya shiga zawiyyar Shehu Ahmadu Tijjani ya yi ziyara ya yi wazifa ya ɗauki hoto a bakin ƙofa, washegari da sassafe sai ka ji wai ayari ya juya Kasablanka sayen jallabiya da turare. Haba jama'a! Ziyara alheri ce, Allah ya karɓa, amma garin da Shehu ya zaɓa ya zauna tun 1798 har Allah ya karɓi abinsa a 1815 ai ya fi ƙarfin a yi masa kallon tashar mota.

Garin nan fa ya girmi zuwan Shehu da shekara dubu. Sarki Idrisu na ɗaya ne ya kafa shi a 789, ɗansa Idrisu na biyu ya gina ɗaya ɓangaren a tsallaken kogi, daga baya mutanen da aka koro daga Ƙurɗuba ta Andalus suka zo suka zauna a gefe ɗaya, mutanen Ƙairawan ta Tunusiya suka zauna a ɗaya gefen, shi ya sa har gobe ake cewa unguwar Andalus da unguwar Ƙarawiyyin. A cikin 'yan Ƙairawan ɗin ne aka samu baiwar Allah Faɗimatu al-Fihri wadda tarihi ya ce da dukiyar gadonta ta gina masallacin Ƙarawiyyin a 859, wanda ya zama cibiyar karatun fiƙihun Malikiyya, mazhabar da muka tashi muka tarar da iyayenmu a kai. Daga zawiyya zuwa masallacin nan tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa. Abin da ya fi taɓa ni shi ne Turawan da ba Musulmi ba ne ba a barinsu su shiga, sai ka gansu cirko-cirko a bakin ƙofa suna leƙe suna ɗaga waya, sun biyo dubban mil don su hango tsakar masallacin kawai, mu kuma da ƙofa take a buɗe gare mu, mu yi alwala mu yi sallah mu zauna yadda muke so, sai mu wuce ko waiwaye babu.

Sannan makarantun da sarakunan Banu Marin suka gina, Aɗɗarin da aka gama a 1325 da Bu Inaniyya ta Sarki Abu Inan ta wajen 1350. Ku shiga ku ga bango, daga ƙasa tayil ne 'yan mitsi-mitsi da aka yanka da hannu aka jera ɗaya bayan ɗaya, sama da shi sassaƙa da ayoyin Alƙur'ani, can sama kuma katako mai ƙamshi da aka sassaƙe shi kaf. Ku hau bene ku ga 'yan ɗakunan da ɗalibai ke kwana, ƙanana ne ƙwarai, amma ku tuna duk wannan ƙawar saboda almajirai aka yi ta, yaran ƙauye da suka zo birni neman ilimi, sarki ya ba su wurin kwana ya kuma tsayar da waƙafi don cinsu. Wallahi duk wanda ya taɓa zama a tsangaya ko yake da ƙani a can, in ya tsaya a wurin nan sai zuciyarsa ta motsa.

Amma ni a wurina gine-ginen ma ba su ne babban abin ba. Abin da ya sa Fas ta fita daban shi ne tsohon garin bai mutu ba, mutane na ciki suna rayuwarsu. Mota ba ta shiga, lungunan sun yi matsi, jaki da alfadari su ke ɗaukar tukunyar gas da lemon kwalba da siminti, in ka ji an ce "balak" to maza ka manne da bango kaya na tafe. Ka shiga ta ƙofar Bab Bujulud ka gangara ta Ɗala'a Kabira, za ka ga yara ɗauke da faranti a ka za su kai ƙullin burodin gidansu gidan gashi na unguwa, ka ji ƙarar guduma tun daga nesa a dandalin Saffarin inda maƙeran tagulla ke dukan tukwane, ka ƙarasa majemar Shuwara inda har yanzu da kashin tantabara ake jiƙa fata, wari kam ba a magana, shi ya sa masu shago ke miƙa maka ganyen na'a-na'a ka toshe hanci. A nan ne ɗan Arewa ya kamata ya tsaya ya yi tunani, domin fatun jan akuyar Sakkwato da aka jeme a ƙasar Hausa fatake suka riƙa ketare Sahara da su, Turawa suka saye su daga arewacin Afirka suka sa musu suna fatar Maroko. Mu ma muna da marinar Ƙofar Mata, muna da Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, muna da ganuwa da kullum ake gutsure ta ana gini a kai, su kuwa tun 1981 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa tsohon garinsu cikin kayan tarihin duniya suna ta gyara.

Ba zan ce komai lafiya lau ba ne. Akwai samari masu tare baƙo su ce hanyar nan a rufe take zo in nuna maka, ƙarshenta shagon dardumar wani za su kai ka, ku ba su haƙuri cikin mutunci ku wuce, in kuna son ɗan jagora ku nemi mai katin shaida ta wajen masaukinku. Taswirar waya ma rikicewa take a lungunan. Garin hawa da gangara ne, dattawa su tafi a hankali da takalmi mai taushi. Ciniki kuma sai an taya, wannan ai ba sai an koya wa Bahaushe ba. Kuma don girman Allah kar a ɗora wa mata da masu sana'a kyamara ba a nemi izini ba, a gidajensu suke da wurin neman abincinsu.

Malamai da alhazai masu shirya ayarin ziyara, ku nake roƙo, ku ƙara wa Fas kwanaki a cikin tsarin tafiya ko da za a rage na kasuwa. In da hali ku sa Juma'a ta same ku a can, a yi sallar Juma'a a Ƙarawiyyin, bayan la'asar a tafi zawiyya zikiri, su makarantu da majema da kasuwa a bar su sai Asabar tunda yawancin shagunan tsohon gari rufewa suke ranar Juma'a.