Porsche 911: motar da aka ɗora wa inji a inda bai kamata ba

Duk wanda ya taɓa hawa Fijo 504 daga Kano zuwa Kaduna, ko ya sani ko bai sani ba, ya hau motar kamfanin da ya tilasta wa Porsche 911 sauya suna. A watan Satumban 1963, lokacin da Jamusawa suka baje ta a kasuwar motoci ta Frankfurt, 901 suka raɗa mata. Sai Peugeot, wato kamfanin Fijo, ta ce a'a, a Faransa duk sunan mota mai lamba uku da sifili a tsakiya nata ne: 403, 404, da sauran dangi. Porsche ba ta tsaya jayayya ba, ta cire sifilin ta maye gurbinsa da 1. Guda 82 kaɗai aka ƙera da tsohon sunan. Shi ke nan, suna ya bi ta, yau shekara sittin da ɗoriya.

Abin da ya sa na ɗauko zancen, musu ne ya kaure a majalisarmu bayan sallar isha'i. Wani abokina, wanda ya fi ni sanin ƙarfe nesa ba kusa ba, ya kafe a kan cewa 911 ta gaskiya ta mutu tun 1998, ranar da aka daina ƙera mai injin da iska ke sanyayawa. Duk abin da ya biyo baya, in ji shi, suna ne kawai aka gada. Ni kuma ban yarda ba, kuma har yanzu ban yarda ba. Kafin wani ya tambaya: ba ni da ita, ko taya huɗunta ba na jin aljihuna zai iya. Amma ai ba sai kana da doki kake sanin ingarma ba.

A ganina 911 tun ranar farko da lahani aka haife ta, kuma duk tarihinta labarin mutanen da suka ƙi yarda su jefar da wannan lahanin ne, suka zauna suna lallaba shi har ya zama abin alfahari. In ka fahimci haka, za ka ga canji ba baƙonta ba ne. Da shi ta rayu.

Asalinta ba boyayye ba ne ga duk wanda ya girma a shekarun 1970 da 1980. Boksuwaja, ƙaramar Bitil ɗin nan da malaman makaranta da ƙananan ma'aikata suka yi yayi, wadda aka riƙa haɗawa a Legas daga 1975, Ferdinand Porsche ne ya zana ta. Inji a baya, babu lagireto, babu zancen ruwa ya ƙone a hanya, fanka ce ke hura iska. Ɗansa Ferry ya ɗauki wannan tsari ya yi 356 a 1948, motar farko da ta ɗauki sunan gidan. Jikan kuma, Ferdinand Alexander da ake kira Butzi, shi ya jagoranci zana surar 911. Kaka, ɗa, jika. Injin farko lita 2 ne, silinda shida a kwance, uku na kallon hagu uku na kallon dama, ƙarfin doki 130. Yau akwai motocin kai yara makaranta da suka fi haka ƙarfi. Sai dai nauyinta duka kilo 1,080 ne, kuma ku riƙe wannan lambar, zan dawo kanta.

To ina lahanin? Injin ba a tsakiya yake ba, a bayan tayoyin baya yake, can ƙarshen wutsiya. Ku ƙaddara ɗan acaɓa ya ɗaure buhun siminti biyu a ƙarshen kariya, ya shigo kwana da gudu. Gaba ya yi sakayau, baya na neman wuce gaba. Haka 911 ta farko take. Direba ya shiga kwana, ya tsorata, ya ɗaga ƙafa daga totur, sai nauyi ya koma gaba, tayoyin baya su saki ƙasa, wutsiya ta juyo, kafin ka ce kwabo yana kallon inda ya fito. Abin ya kai har kamfanin ya riƙa cusa dunƙulen ƙarfe a cikin bambar gaba don a samu daidaito. Injiniyoyin Jamus fa, masu ji da kansu, suna maganin matsala da dabarar da bakaniken bakin titi zai yi. A 1968 suka tura tayoyin baya baya kaɗan, milimita 57, abin ya ɗan lafa.

Amma wannan nauyin da ke jawo rigima shi ne kuma sirrinta. Yana danne tayoyin da ke tura motar, don haka in za ta fita daga kwana, ko a kan santsi, ba ta ɓata lokaci tana murza taya a banza. In an taka birki kuwa, nauyi na rabuwa a kan tayoyi huɗun maimakon ya tattare a gaba. Wanda ya iya ta, ya shiga kwana a hankali ya fita da wuta. Da haka ta ci tseren Monte Carlo sau uku a jere, 1968 da 1969 da 1970, kuma 935, wadda daga jikinta aka fitar, ta lashe tseren awa 24 na Le Mans a 1979.

Carrera RS 2.7 ta 1972, mai ɗan fiffiken nan a baya kamar wutsiyar agwagwa, guda 500 aka yi niyyar yi don cika sharaɗin shiga tsere, masu sayarwa na fargabar ba za ta shige ba. Aka ƙare da 1,580. Sai Turbo a 1975, ƙarfin doki 260, giya huɗu kacal. Ita wannan, ka taka totur ta yi shiru kamar ba ta ji ba, sai can turbo, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, ya cika, ƙarfin ya zo gaba ɗaya kamar harbin jaki. In hakan ya same ka a tsakiyar kwana, sai dai addu'a. Turawa suka yi mata laƙabi da mai sa mata takaba. Kuma abin mamaki, laƙabin bai kore masu saye ba, ƙara jawo su ya yi. Ɗan Adam ke nan.

Wurin da na fi so a duk labarin shi ne lokacin da masu gidan da kansu suka yanke mata hukuncin kisa. Shugaban kamfanin na lokacin, Ernst Fuhrmann, injiniya ne na gaske, kuma lissafinsa daidai ne a takarda: dokokin hayaƙi da na ƙara suna ta tsananta, musamman a Amurka, babbar kasuwarsu, inji mai sanyin iska a wutsiya ba shi da gobe. Aka fito da 928 a 1977, inji V8 a gaba, mai lagireto, mai daɗin zama. Har ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1978. Ita ce magajiya. Sai dai masu saye suka ci gaba da neman tsohuwar. A 1981 aka kawo Peter Schutz, haifaffen Berlin da ya tashi a Amurka, ya zama shugaba. Kamar yadda shi da kansa ya sha ba da labari, ya shiga ofishin babban injiniya Helmuth Bott, ya ga jadawali a bango, layin 911 ya tsaya cak a ƙarshen 1981. Ya ɗauki alƙalami ya ja layin har ya fita daga takardar ya hau bango. Magajiyar ita aka binne a 1995. Wadda aka haƙa wa kabari tana nan.

Bott ɗin nan ne kuma ya kai ta hamada. A 1984 wata 911 da aka ɗaga, aka ba ta tura ta taya huɗu, René Metge na tuƙi, ta lashe tseren Paris zuwa Dakar, wanda ya ratso ta Aljeriya da Nijar. A 1986 ƙanwarta 959 ta maimaita. Motar da aka yi don kwaltar Jamus ta je ta kunyata manyan motocin daji a cikin rairayi. Abin da aka koya a can shi ya shigo 964, sabon zubin 911, a ƙarshen shekarun 1980, wadda ta zo da tura ta taya huɗu, da sitiyari mai taushi, da birkin da ba ya kullewa. Kowannensu sai da masu ra'ayin riƙau suka ce an lalata mota.

Yanzu ga inda ni da abokina muka raba gari. A farkon shekarun 1990 Porsche ta kusa rufe shago. Cinikinta ya faɗi ƙasa da mota 15,000 a shekara. Wendelin Wiedeking, wanda ya karɓi ragama, sai da ya ɗauko ƙwararru daga Japan, tsofaffin ma'aikatan Toyota, suka zo masana'antar Zuffenhausen a Stuttgart suna koya wa Jamusawa yadda ake haɗa mota ba tare da ɓarna ba. Ku yi tunanin irin ɗacin da wannan ya yi musu. 993, zubin 911 na ƙarshe mai sanyin iska, da ta fito a 1993 kyakkyawa ce, ban musa ba, ni ma in aka ce in zaɓi ɗaya don kallo ita zan nuna. Amma iska ta kai iyakarta. In kana son ƙarin ƙarfi da ƙarancin hayaƙi, sai ka sa bawul huɗu a kan kowace silinda, kan injin kuwa zai yi zafin da fanka ba za ta iya da shi ba. Ruwa ya zama dole. Shi ya sa 996, zubin 911 da ya gaji 993, ta zo a 1997 da lagireto, kuma don a rage kashe kuɗi, gabanta kusan ɗaya ne da na ƙaramar Boxster.

An yi mata ba'a ba kaɗan ba. Fitilunta aka ce soyayyen ƙwai. Aka ce kukan injin ya mutu. Kuma tana da laifinta na gaske, akwai wani boris a cikin injin da kan lalace ya tafi da injin gaba ɗaya, masu ita da yawa sun ɗanɗana kuɗarsu. Duk na yarda. Amma an sayar da ita sama da 170,000, adadin da 993 ba ta ko kusanta ba, kuma daga jikinta aka fara GT3, nau'in 911 mai zubin tsere, a 1999, wadda yau ko masu zagin ba sa iya buɗe baki a kanta. Da ita da Boxster, sannan jibgegiyar Cayenne a 2002, su suka biya albashin da ya sa har yanzu akwai mai ƙera kayan gyaran 993 ɗin da abokina ke yi wa kirari. Ana cin tuwo ana zagin mai tuƙi.

Daga nan sai abin ya zama kamar al'ada. A 2011 an mai da sitiyari na lantarki, aka ce ta mutu. A 2015 an sa wa ƙananan Carrera turbo, aka ce ta mutu. A 2024 nau'inta mai suna GTS ta zo da ɗan batir da motar lantarki na taimaka wa injin, ƙarfin doki 541, aka sake zaman makoki. A tsakanin waɗannan mace-macen, a watan Mayun 2017, ta miliyan ɗaya ta fito daga masana'anta, koriya shar. Gawar da ake ta yi wa jana'iza tana ta haihuwa. Kuma ku lura, duk wadda aka zaga jiya, da zarar sabuwa ta fito sai ta zama ita ce ta gaskiya ta ƙarshe.

Kada a ɗauka komai na yarda da shi. Ina da nawa ƙorafin, sai dai ba na ruwa da iska ba ne. Na ce ku riƙe kilo 1,080. GTS ta yanzu ta kusa kilo 1,600. Faɗinta ya tashi daga mita 1.61 zuwa 1.85. Motar da aka san ta da ƙanƙanta, wadda direba ke jin kamar riga ya sa, ta yi ƙiba irin ta mai sabon kuɗi. Kwamfuta ce yanzu ke riƙe wutsiyar, har tayoyin baya ana sa su juya kaɗan a kwana, don haka wanda bai iya ba ma sai ya ga kamar ya iya. Wannan alheri ne ga matan aure, ban ce ba. Amma wani abu ya ragu. Agogon juyin inji mai allura da ke tsakiyar dashbod tun 1963, a 2024 an mai da shi hoto a gilashi. Makullin da ake murɗawa ya zama maɓalli, duk da dai sun bar shi a hagun sitiyari inda aka saba. Wannan ya fi min ciwo a kan lagireto, don lagireto dole ce ta kawo shi, allurar kuwa babu dokar da ta hana ta.

Abu na biyu da ke ba ni haushi ba laifin kamfanin ba ne shi kaɗai. Tsofaffin masu sanyin iskar sun koma kadara, kamar fili ko zinare. Masu kuɗi na saye su lulluɓe a gareji, suna tsoron ƙara kilomita ɗaya kada farashi ya sauka. Motar da ta ci Monte Carlo a kan ƙanƙara, ta keta hamada, yau ana goge ta da auduga ana jiran gwanjo. Da yawa daga masu ihun an kashe 911 ta gaskiya, ihun na ƙara wa abin da suka ɓoye daraja ne. Abokina ba ya cikinsu, shi tsakani da Allah yake son kukan fankar nan, kuma na san abin da yake nufi, don duk wanda ya taɓa jin Bitil ta wuce a layi ya san akwai sautin da ruwa ke dannewa.

Haka muka yi ta yi har mai shayi ya fara kife kofuna. Na ce masa da Fuhrmann ya yi nasara a 1981, da babu 993 ɗin ma balle a yi musu a kanta, da kuma Wiedeking ya saurari masu ra'ayi irin na abokin nawa a 1997, da yanzu a gidan tarihi kaɗai ake ganin sunan. Ya ce duk ya ji, amma shi dai lagireto a 911 kamar rawani ne a kan kwat. Ya miƙe, ya buga babur ɗinsa, wanda ya tuna min cewa shi ma iska ce ke sanyaya shi, ya yi gida.