Ƙyauren Awaki da Jirgin Titanic

Majalisarmu ta teburin Lawal mai shayi, nan bayan Ƙofar Ƙaura, gida biyu ce. Ba jam'iyya ta raba mu ba, ba kuma ƙwallo ba, don duk ranar da Arsenal ta sha kashi tare muke yi wa Mannir jaje. Fim ne ya raba mu. Akwai 'yan Indiya, ƙarƙashin Bishir mai tura finafinai a waya, akwai kuma mu 'yan Amurka, waɗanda ni ke yi wa limanci ba tare da kowa ya naɗa ni ba.

Aƙidata ba a ɓoye take ba: fim ɗin Amurka da lissafi ake yin shi, na Indiya kuwa da zuciya kawai, an bar ƙwaƙwalwa a gida. A kan haka muka kaure wani dare cikin damina, bayan an ɗauke ruwa an kuma ɗauke wuta.

Na ce, "Bishir, ka ji tsoron Allah. A Baahubali na biyu mutane suka lanƙwaso dogon icce, suka haɗa garkuwa da garkuwa, aka cilla su sama suka tsallake ganuwar birni, suka dira babu mai ko targaɗe. Mu nan Katsina ganuwa gadonta muka yi. Ka taɓa jin wanda ya shigo gari ta haka? Da ana yi, da kakanninmu ba su wahalar da kansu wajen gina ƙofofi ba."

Bishir bai ko aje kofi ba. Ya ce, "To masu lissafi, a Fast and Furious na tara ba mota kuka ɗaura wa roka ta tafi sararin samaniya ba? Mota fa, mai taya huɗu. A na bakwai kuma ta yi tsalle daga wannan bene zuwa wancan a Abu Dhabi. Ni da babur ɗina kwalbatin layinmu na gwada tsallakewa, har yau gwiwata ba ta yafe mani ba."

Nan ya same ni, don wannan jerin fim da ya fara a 2001 da tseren titi da fashin manyan motoci, tuni ya bar tafarkin hankali. Amma limami ba ya nuna an kama shi. Na kawo Avatar na 2009, na ce ya tara kusan dala biliyan 3, babu fim ɗin da ya kai shi. Bishir ya ce mutane shuɗɗa masu wutsiya ne, kuma kuɗi ba hujja ba ne, in da hujja ne da Alhajin layinmu ya fi liman ilimi. Na kawo Avengers: Endgame na 2019. Ya ce wane irin fim ne sai ka kalli guda 21 da suka gabace shi kafin ka gane wa ke bin wa bashi? Ya ce shi Baahubali tambaya ɗaya tak ya bar wa duniya a 2015, me ya sa Kattappa ya kashe ubangidansa, aka yi shekara biyu ana jira, har tsofaffi na zuwa shagonsa tambayar ko fassarar ta fito.

Malam Dikko, tsohon malamin firamare da ke zama ƙarshen benci da 'yar rediyonsa, ya gyara murya. Ya ce mu duka yara ne, kwamfuta ke yi mana faɗa. Shi fim a wurinsa ya ƙare a kan Sholay na 1975, inda doki doki ne, jirgin ƙasa jirgin ƙasa ne, kuma in bos Gabbar ya yi dariya har wanda ke bayan silima sai ya gyara zama. Ba wanda ya musa mashi, saboda shi ya koya wa rabinmu ABCD da bulala.

Bishir ya ƙara da cewa ai yanzu Turawan ma sun sallama, tunda waƙar RRR, fim ɗin Rajamouli wanda ya yi Baahubali, ta ci Oscar, babbar kyautar finafinai ta Amurka, a 2023.

Abin da nake jira ke nan. Na miƙe tsaye. Na ce, "Guda nawa? Ɗaya. Titanic na 1997 goma sha ɗaya ya kwasa a dare guda. Kuma ba tatsuniya ba ce. Jirgi ne na gaske, ya taso daga Southampton ta Ingila zai tafi New York a watan Afrilun 1912, ya ci karo da dutsen ƙanƙara, mutum sama da 1,500 suka mutu. James Cameron sai da ya nutsa ƙasan teku da kansa ya ga gawar jirgin kafin ya yi fim ɗin. Dala miliyan 200 aka kashe. Ku nuna mani ƙarya ɗaya a ciki."

Majalisa ta yi tsit. Har na fara jin daɗin kaina, sai Sabi'u kafinta, wanda tun da aka fara bai ce uffan ba yana fama da indomi, ya ɗago kai.

"Katakon nan zai ɗauki mutum biyu."

Na ce wane katako?

"Wanda yarinyar ta kwanta a kai a ƙarshe, ta bar yaron mutane cikin ruwa har sanyi ya kashe shi. Ni sana'ata ce. Da ido na auna shi. Da ta ɗan muskuta, da yanzu suna da jikoki. Rowa ce kawai."

Jama'a, na yi bayani. Na ce ba faɗi ake magana ba, nauyi ake magana. In su biyu suka hau, katako zai nutse su jiƙe, ruwan kuma sanyinsa ya kai na ƙanƙara, duka biyun za su tafi. Na ce shi kansa Cameron surutun mutane ya ishe shi, a 2023 ya ɗauko namiji da mace masu girman jaruman, ya saka su a ruwan sanyi da irin katakon, aka gwada. Sabi'u ya tambayi me aka samu. Na ce an samu cewa mai yiwuwa ne yaron ya rayu in an yi wata dabara, amma abin da wuya. Ai kuwa benci ya ɗauki ihu. Bishir har da tafi. Sabi'u ya ce to shi bai yarda da gwajin da mai kaya ya yi wa kayansa ba, gani ya kori ji, ga kududdufin bayan unguwa ya cika maƙil, gobe a gwada. Wanda ya faɗi shi zai biya shayin majalisa na mako guda, da ƙwai.

Na ce na yarda. Sai aka zo maganar ƙyauren da zai tsaya a madadin katakon. Kafinta guda, wai duk ƙyauren da ke shagonsa na mutane ne. Bishir haya yake. Mannir ƙofarsa ta ƙarfe ce. Ido ya dawo kaina.

A gidana akwai wani tsohon ƙyaure na katako da na gada, wanda ke tsare garken awakin uwargida. Awakin nan ba nawa ba ne, kuma an sha tuna mani. Amma na san da safe za ta tafi suna Rafin Daɗi, sai la'asar. Lissafina na 'yan Amurka ya nuna mani cewa kafin azahar ƙyaure ya dawo, ya bushe, ba wanda ya sani. Tana fita na kwance shi, na jingina turmi da tsohuwar katifa a bakin garken, na ja wa babban bunsurun kunne, na ɗora ƙyaure a ka.

Ban san labari ya bazu ba sai da na iso. Almajirai, 'yan acaɓa, masu wankin babur, har mai rake ya kafa baro. Malam Dikko ya zo da kujerarsa a matsayin alƙali.

Matsala ta farko, ba wanda ya yarda ya zama Rose, yarinyar fim ɗin. Bishir ya ce shi yana da iyali. Sabi'u ya ce shi injiniya ne, daga tudu zai duba. Daga ƙarshe aka lallashi Mannir da alƙawarin ba za a kira shi da sunan ba bayan yau, alƙawarin da aka karya tun kafin ya cire takalmi. Mannir kuwa, Allah ya yi mashi jiki, buhun gero biyu ba su kai shi ba. Ni, da yake ni ke kare fim ɗin, aka ce ni ne Jack, yaron da ya mutu. Na tuɓe riga, daga ni sai singileti da gajeren wando. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Muka tura ƙyaure cikin ruwa, ya ɗan yi iyo tsakanin kainuwa da ledojin fiya wata. Mannir ya yi bisimilla ya ɗora ƙirji. Ƙyaure ya yi wani gurnani, ya saki kumfa, ya tafi ƙasa da shi salin alin. Ni ko taɓawa ban yi ba. Mannir ya ɗago da gansakuka a gemu yana salati, ya damƙo wuyana, muka koma tare. Na sha ruwan kududdufin nan kurɓa mai kyau, kuma har gobe ba na son a tuna mani abin da ke gangarowa cikinsa. Ina ta ihun a cece ni, ina harba ƙafa, sai na ji muryar wani almajiri daga tudu: "Baba, ka miƙe tsaye mana!" Na miƙe. Ruwa iya ƙugu.

Duk da haka ban manta da abin da ya kawo ni ba. Na ɗaga hannu na ce na ci, katako ya nutse. Sabi'u ya ce ina, ai da mutum ɗaya ya nutse, ke nan ko ita yarinyar bai kamata ta rayu ba, ƙaryar fim ta zama biyu. Bishir ya ce laifin Rose ɗinmu ne, a nemo marar nauyi. Na ce katakon fim ɗin na wani icce ne marar nauyi da ake kira balsa, har an yi gwanjonsa a 2024 kan dala dubu 718 da ɗoriya, ba irin wannan maɗacin da kakana ya bari ba. Sabi'u ya ce to me ya sa ban faɗa ba tun jiya? Malam Dikko ya naɗe kujerarsa ya ce shari'ar ta fi ƙarfinsa, amma a Sholay babu wanda ya mutu saboda ƙyaure.

Sai da muka biya yara suka lalubo shi daga cikin laka. Ya sha ruwa ya ninka nauyi. Na ɗauko shi a ka, baƙin ruwa na tsiyaya ta bayan wuyana, ayarin yara na biye da ni suna kiran sunan da ba nawa ba.

Tun daga bakin layi na hangi bunsurun nan tsaye kan tarin yashin maƙwabci yana tauna wani abu kore. Na shiga zaure da sauri, na yi sallama a gidana da ƙaramar murya. Turmi na kwance, katifa an yi mata rami, kuɓewar da aka shanya babu ko ɗaya, zogalen tsakar gida ya koma sanda. A kan tabarma kuwa, ƙarƙashin rumfa, ga uwargida ta dawo da wuri. Gefenta ga Hajiya, mahaifiyarta, wadda ta zo daga Daura sunan nan, aka biyo da ita ta huta.

Duk Bahaushe ya san ko da babbar riga ba ka son haɗa ido da surukarka. Ni ga ni da singileti mai laka, gajeren wando ya manne, kainuwa a kafaɗa, ƙyaure a ka. Na rasa ko in aje shi in durƙusa, ko in durƙusa da shi. Na durƙusa da shi.

"Hajiya, barka da zuwa. An zo lafiya? Ya mutan Daura?"

"Lafiya lau. Sannu da aiki. Ambaliya aka yi?"

Uwargida ba ta ce komai ba, ta dai naɗe hannu, kuma na gwammace ta yi faɗa. Ƙaramin ɗana, wanda ashe yana cikin ayarin, shi ya ɗauki nauyin bayani tun daga shayin jiya har zuwa "Baba ka miƙe tsaye", bai rage ko wasali ba.

Hajiya ta saurara har ƙarshe tana jan carbi. Ta ce, "Au, wannan na jirgin ruwan? Ai mun gan shi a kaset tun kuna yara, gidan Alhaji marigayi. Na yi wa yaron nan kuka." Zuciyata ta ɗan yi sanyi, na ce yau ga babba za ta raba gardama. Ta gyara mayafi ta ce, "Amma katakon nan zai ɗauki mutum biyu. Yarinyar ce ba ta da tausayi."

Ina da amsa. Ina da nauyi da faɗi, ina da sanyin ruwa, ina da balsa, ina da gwajin 2023. Duk suka taru a maƙogwarona. Na dubi ƙasa na ce, "Haka ne, Hajiya. Gaskiya ne."

Yaron nan kafin magariba ya kai wa majalisa rahoto cewa na amsa da bakina a gaban shaidu. Malam Dikko ya ce hukuncin da suruka ta yanke ba a ɗaukaka shi. Lawal ya buɗe mani sabon shafi a littafin bashi, Mannir ya ce shi ƙwai huɗu za a riƙa soya mashi saboda ya sha wahala. Ƙyauren kuma da ya bushe sai ya kumbura ya karkace, ya ƙi komawa mazauninsa, dole na kira kafinta ya fere shi. Sabi'u ya zo da awonsa, ya auna tsawo, ya auna faɗi, ya kira Bishir a waya a gabana ya ce ko wannan ma zai ɗauki mutum biyu, sannan ya faɗa mani kuɗin aiki.