Len Bias: makokin ɗan wasa da ya rikiɗe ya zama doka

Duk ranar 19 ga watan Yuni, masoya ƙwallon kwando a Amurka, musamman na jihar Maryland, sukan tono wani tsohon bidiyo su yi ta yaɗawa. Wasa ne da aka buga ranar 20 ga Fabrairun 1986 tsakanin Jami'ar Maryland da ta North Carolina, wadda a lokacin ita ce ta ɗaya a ƙasar, kuma ba a taɓa cin ta a sabon filinta na Dean Smith Center ba. Saura kamar minti 3 a tashi, Maryland na baya da maki 9. Sai wani dogon saurayi mai riga lamba 34 ya yi tsalle daga nesa ya jefa, ta shiga. Kafin 'yan North Carolina su gama miƙa wa juna ƙwallon daga bakin layi, ya fizge ta, ya tashi sama ya ba kwandon baya, ya danna ta ciki ta bayan kansa. Maryland ta ci 77 da 72 bayan ƙarin lokaci, maki 35 daga ciki nasa ne.

Sunansa Len Bias. Wata huɗu bayan wannan wasa, ranar 17 ga Yuni, ƙungiyar Boston Celtics ta ɗauke shi a matsayi na biyu a zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka. Kwana biyu bayan haka, ranar 19 ga Yuni da sassafe, ya yanke jiki ya faɗi a ɗakin kwanan ɗalibai bayan ya shaƙi hodar iblis. Zuciyarsa ta tsaya yana ɗan shekara 22, bai taɓa saka rigar Celtics ya shiga fili ba ko sau ɗaya.

Wanda bai san Amurka ba zai yi mamakin yadda ɗan wasan makaranta zai samu irin wannan suna. A can, ƙwallon kwando na jami'o'i ba wasan yara ba ne. Dubban mutane ke cika fili, ana nunawa a talabijin, kuma daga nan manyan ƙungiyoyi ke ɗibar 'yan wasa. Hakeem Olajuwon ɗan Legas ma a Jami'ar Houston duniya ta fara saninsa kafin NBA ta ɗauke shi a 1984. Bias ya yi shekara huɗu a Maryland, daga 1982 zuwa 1986, ya ci maki 2,149, adadin da babu wanda ya taɓa kaiwa a jami'ar kafin shi. Sau biyu a jere, 1985 da 1986, ana zaɓensa gwarzon ɗan wasa na rukunin jami'o'i na ACC, rukunin da Michael Jordan ya fito daga cikinsa.

To, a nan ne hirar masoya takan tsaya, ta koma "da a ce". Da a ce ya rayu, da shi ne zai taka wa Jordan birki. Da a ce ya rayu, da Larry Bird, tauraron Celtics na lokacin, ya samu mai rage masa nauyi, da Celtics ba ta yi shekara 22 ba ta ɗaga kofi ba, daga 1986 har 2008. Ban ga laifin mai wannan zance ba. Celtics ce ke riƙe da kofi a shekarar, kuma zakara ba ya samun zaɓi na biyu. Sa'a ce ta zo mata ta wani musanye da ta yi da ƙungiyar Seattle tun 1984. Dole abin ya tsaya wa mutanen Boston a rai. Amma zancen "da a ce" ba shi da alƙali. Kowa na iya ba mamaci kofi goma a baki, ba wanda zai ƙaryata shi. Kuma yawan auna shi da Jordan na sa a manta cewa abin da ya yi a fili, wanda aka gani da ido, ya isa a tuna shi ba sai an ara masa rayuwar da bai yi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da masoyan ke tsallakewa. Mutuwar Len Bias ta bar gado a Amurka wanda ya fi duk makin da ya ci nauyi, kuma ba gadon alheri ba ne.

Jami'ar Maryland na bakin birnin Washington, 'yan majalisa da dama suna kallon wasanninta. Kakakin majalisar wakilai na lokacin, Tip O'Neill, ɗan yankin Boston ne, garin da ya fi kowa jin zafin rashin. Kwana takwas bayan Bias, wani ɗan wasan ƙwallon Amurka mai suna Don Rogers shi ma hodar iblis ta kashe shi. Ga zaɓen 'yan majalisa na tafe a watan Nuwamba, kowace jam'iyya na tsoron a ce ita ce mai sassauci ga masu safarar ƙwaya. Sai aka shiga rige-rigen tsanantawa. Ranar 27 ga Oktoban 1986 Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu a dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wata huɗu kacal bayan mutuwar.

Dokar ta raba hodar iblis gida biyu. Akwai garin hodar, wanda masu hali suka fi shaƙa. Akwai kuma wanda ake dafawa ya dunƙule kamar tsakuwa a zuƙi hayaƙinsa, wato kirak, mai araha, wanda ya mamaye unguwannin talakawa, galibi baƙar fata. Sinadarin da ke bugarwa a cikinsu ɗaya ne. Amma dokar ta ce wanda aka kama yana safarar giram 5 na kirak, ɗaurin shekara 5 ne mafi ƙaranci, alƙali ba shi da ikon saukowa ƙasa da haka. Mai garin hoda kuwa sai an same shi da giram 500 kafin ya ci wannan hukuncin. Ninki ɗari ke nan. Giram 50 na kirak shekara 10, daidai da mai kilo 5 na gari. Sakamakon bai ɓoyu ba: alƙaluman hukumar tsara hukunce-hukunce ta Amurka sun yi ta nuna cewa kusan takwas cikin kowane goma da aka ɗaure kan kirak a kotunan tarayya baƙar fata ne, da yawansu ƙananan dillalan bakin titi, ba manyan da ke shigo da kayan ba.

Abin takaicin, Len Bias ba kirak ya sha ba. Garin hoda ne ya kashe shi. Amma a ruɗanin wancan lokaci mutane da yawa sun ɗauka kirak ne, aka kuma gina tsananin dokar a kan tsoron kirak. Eric Sterling, lauyan kwamitin majalisa da aka sa hannunsa wajen tsara dokar, daga baya ya shafe shekaru yana faɗa wa duniya cewa an yi ta ne cikin gaggawa ba tare da an zauna an saurari masana yadda ya kamata ba.

Akwai mai cewa wannan ba ruwan masoyin ƙwallo, shi dai ya zo tuna gwaninsa ne, ba siyasa ba. Akwai kuma hujjar da ta fi wannan ƙarfi: kirak ta yi ɓarna ta gaske a biranen Amurka, ta raba iyaye da 'ya'ya, ta jawo kashe-kashe, kuma cikin waɗanda suka goyi bayan dokar har da 'yan majalisa baƙar fata da jama'arsu ke kuka a kan a yi wani abu. Wannan gaskiya ne, kuma ban yarda da masu mayar da labarin makircin wasu 'yan tsiraru kawai ba. Ita kanta NBA ɗin ba tsira ta yi ba. Cikin bakwai na farko da aka zaɓa tare da Bias a 1986, Chris Washburn da William Bedford da Roy Tarpley duk ƙwaya ta lalata musu sana'a, har aka kori biyu daga gasar gaba ɗaya. Wannan ma kaɗai ya isa ya sanyaya bakin mai rantsuwa cewa da Bias ya rayu da ya zama Jordan. Matsalar ta wuce kuskuren yaro ɗaya a dare ɗaya. Sai dai kasancewar cuta gaskiya ce ba ya wanke maganin da aka haɗa cikin kuka. Kuma tunda da sunansa aka sayar da dokar, har wani sashe nata ake kira dokar Len Bias, wanda ya tanadi ɗaurin shekara 20 ga wanda ya sayar da ƙwayar da ta yi kisa, ba na jin mai ƙaunarsa na da damar cewa ba ruwansa.

Ita ma jami'ar ta sha tata. Bincike ya bankaɗo cewa Bias bai ci darussan zangonsa na ƙarshe ba, ana dai ta tafa masa a fili ba wanda ya damu da aji. Kocinsa Lefty Driesell ya ajiye aiki a Oktoban 1986 bayan shekara 17. Daga nan jami'ar ta yi ta kame-kame da sunansa, ba ta saka shi cikin jerin gwarazanta na wasanni ba sai 2014, shekara 28 bayan rasuwarsa. Ni a ganina wannan jinkiri kunya ce ta hukuma aka jingina wa mamaci.

Mahaifiyarsa, Lonise Bias, ba ta jira kowa ba. Ta shiga zagaya makarantu tana yi wa matasa magana a kan ƙwaya. A Disamban 1990 aka harbe Jay, ƙanin Len, har lahira a wajen wata cibiyar kasuwanci, yana ɗan shekara 20, ta kuma ci gaba da aikin.

Gyaran dokar kuwa tafiyar hawainiya ya yi. Sai a Agustan 2010 Shugaba Barack Obama ya sa hannu a dokar da ta rage bambancin daga ninki 100 zuwa 18. Waɗanda aka riga aka ɗaure ƙarƙashin tsohon ma'auni sai da suka jira wata dokar ta Disamban 2018, zamanin Donald Trump, kafin su samu damar neman a sake duba hukuncinsu. A 2021 majalisar wakilai ta amince da ƙudurin soke bambancin baki ɗaya da gagarumin rinjaye, amma ya maƙale a majalisar dattawa har wa'adinta ya ƙare.