Nasiha ga ƙannena masu wayarin rediyon mota a Sakkwato

Assalamu alaikum ƙannena, musamman ku da kuke koyon wayarin a Buzaye da J. Allen da sauran garejin cikin gari. Akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya game da yadda wasunmu ke ɗaura rediyo da sifika a motocin mutane. Mutum ya tara kuɗinsa ya sayo sabon rediyo, ya miƙa maka makulli ya tafi, kai kuma ka zauna kana haɗa waya da ka, in ta yi ruwa rijiya. Bayan sati biyu rediyo ya mutu, ka ce masa kayan ne jabu. Wannan cin amana ne, kuma Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu.

Kuskuren da ya fi kashe rediyo shi ne ɗaukar wayar negetif ta sifika a manna ta da bodin mota. Kun saba ganin fitila da ham suna samun at, wato negetif ɗinsu, daga bodi, sai kuka ɗauka sifika ma haka take. A wasu tsofaffin motoci an yi hakan, amma rediyon yanzu kusan duka kowace sifika wayoyinta biyu ne nata na kanta, kuma dukkansu biyun suna ɗauke da wuta daga ƙaramin amfilifayan da ke cikin rediyon. Da zarar ɗaya ta taɓa ƙarfe ka yi shot, wato wuta ta bi ƙarfe kai tsaye, ko dai rediyon ya ɗauke sauti don ya kare kansa, ko ai-si ɗin, wato ƙaramin amfilifayan nan, ya ƙone. Haka nan haɗa negetif na sifikar hagu da ta dama a kan waya guda don a rage tsawon waya, duk hanyar ɓarna ce. Sifika huɗu, waya takwas, kada ka rage ko ɗaya.

Launukan wayoyin rediyo ma ba wahalar haddacewa gare su ba a irin Pioneer, Sony ko Kenwood. Ruwan ɗorawa tana zuwa batir kai tsaye, ja tana bin makulli, baƙa ita ce at. A wayoyin sifika kuma, fara gaba ta hagu, ruwan toka gaba ta dama, koriya baya ta hagu, shunayya baya ta dama, mai baƙin zane a kowace ita ce negetif. Shuɗiya mai farin zane tana kunna amfilifaya ne kawai, ba a jan wuta da ita. Idan ka juya ja da ruwan ɗorawa, rediyo zai riƙa manta tashoshi da agogo duk lokacin da aka kashe mota. Idan ka haɗa su biyun a batir kuma, direba zai iya wayar gari batir ya sauka. Amma ku kula, wayoyin da suka zo da motar daga kamfani, ko Toyota ko Honda, launinsu daban ne. A nan mitar auna wuta za ka ɗauka ka gwada.

Sai batun ɗora kaya fiye da ƙima. Rediyon mota an yi shi ne don sifika mai om 4 (om shi ne ma'aunin yadda sifika ke tare wuta). Ka jera biyu a kan fita guda, fozitif da fozitif, negetif da negetif, sun koma om 2, wutar da za su ja ta ninka. Ku tuna garin da muke ciki. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, cikin dashbod ɗin motar da ta wuni a rana kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Rediyon da aka matsa wa a wannan yanayi ba ya daɗewa. Kuma wat 50 sau 4 da ake rubutawa a kwali ƙololuwa ce ta ɗan lokaci, ainihin ƙarfinsa bai cika wuce wat 20 ga kowace sifika ba. Wanda ke son babbar ufa, wato sifika mai ba da sauti mai nauyi, ka gaya masa gaskiya cewa sai ya sayi amfilifaya, a ɗauko masa sauti ta ramukan RCA da ke bayan rediyo. Ko da zai ji haushi, ka faɗa.

In za ka ja wutar amfilifaya daga batir, ka sa fiyus kusa da batirin, kada ya wuce kamar santimita 45. Wannan fiyus ɗin wayar yake karewa, domin idan ta goge a ƙarfe babu fiyus, wuta ce za ta tashi a motar da ke ɗauke da rayuka a hanyar Illela ko Gusau. Wallahi duk lokacin da na ga an maye fiyus da zaren waya, gabana faɗuwa yake.

Salatif kaɗai ba ya riƙe haɗi a zafinmu, gam ɗinsa narkewa yake ya saki. Ka yi dalma, ka rufe da robar da ke tsukewa in ta ji zafi. Kafin ka fara komai ka cire kan batir na negetif. Kafin ka mayar da murfin ƙofa kuma, ka taɓa wayoyin sifika da ƙaramin batir mai bolt 1.5: idan takardar fuskar sifikar ta turo waje, wayar da ke kan fozitif ɗin batir ita ce fozitif. In wayoyin sifika ɗaya suka juye, sauti zai fito ba nauyi, mai mota ya yi ta ƙara murya har sifikar ta yage. Sannan ka gwada hagu da dama, gaba da baya, a gaban mai motar, ya ji kowace sifika da kunnensa kafin ka karɓi kuɗin aiki.