Yaron da ya riga ajinsu ganewa, me muke yi da shi?

Da wuya ka shiga firamaren gwamnati a jihar Kebbi ka rasa yaro ko yarinyar da kafin malam ya gama rubuta lissafi a allo sun riga sun san amsa. Kuma duk mun san abin da ake yi da irin wannan yaro. A naɗa shi monita, a miƙa masa takarda ya rubuta sunayen masu surutu, ko a tsayar da shi gaban aji yana jan karatu sauran suna amsawa har a buga ƙararrawa. In ya cika tambaya, a ce rawar kansa ta yi yawa, ya raina malami, a sa shi kamun kunne. Haka zai yi shekara shida yana maimaita abin da ya gane tun makon farko, har karatun ya fita masa a rai. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin hazaƙa ce Allah ya ba mu kyauta, muna barin ta tana lalacewa muna kallo.

Tun daga wajen gane haziƙin yaro muke kuskure. Ma'auninmu ɗaya ne, wanda ya zo na ɗaya a ƙarshen zango. Amma sau da yawa na ɗayan nan shi ne mai kyawun rubutu, mai haddace abin da aka kwafa, wanda a gidansu akwai mai duba masa littafi da dare. Ban raina ƙoƙarinsa ba. Sai dai akwai wasu da takardar sakamako ba ta nuna su. Na san wata yarinya 'yar aji huɗu da ke tallar ƙosan rogo bayan an tashi. Mutum uku za su saya a lokaci guda, wannan ya ba da ɗari biyar, wancan ya ce a haɗa da bashin jiya, ita kuwa ko yatsa ba ta lanƙwasa, ta ba kowa canjinsa daidai tana hira. A aji, lissafi ne darasin da take faɗuwa, saboda da Turanci ake tambayar, ita kuma ba ta gama iya karanta shi ba. Ga yaron da zai ɗauko ƙaramin injin tsohuwar rediyo, ya haɗa da batiri da murfin gwangwani ya yi fanka mai juyawa. Ga ɗan Kamba mai juya harshe tsakanin Hausa da Zabarmanci da Fulatanci yana yi wa manya tafinta a kasuwa. A rijista duk 'yan tsakiya ne, wani ma a kusa da na ƙarshe.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ba baƙon ilimi muke nema ba. A makarantar allo kowane yaro da allonsa. Wanda ya iya nasa, ya biya wa malam, a ce ya je ya wanke, a yi masa ƙari. Ba a cewa ya jira sai sa'o'insa sun iso inda yake. Shi ya sa za ka ga yaro ɗan shekara goma ya sauke, wanda suka fara tare yana izu ashirin, kuma babu wanda ya ce an yi rashin adalci. Malamin allo yana sauraron kowane almajiri shi kaɗai, ya san mai saurin hadda, ya san wanda sai an bi shi a hankali. Mutanen ƙasar da Malam Abdullahi na Gwandu ya karantar ba sa bukatar a koya musu cewa kowane ɗalibi da gwargwadon abin da kansa ke ɗauka. A bokon ne muka ɗaure yara tamanin a shafi guda.

Na san amsar da malamai 'yan'uwana za su ba ni: aji ya cika, wasu a ƙasa suke zaune, albashi bai kai ya kawo ba. Gaskiya ne, kuma ba na ɗora muku laifin. Amma akwai abin da ba ya cin ko sisi. In yaro ya gama aikinsa, a ba shi tambaya mai wuya guda ɗaya maimakon irin waccan guda goma. A ara masa littafin aji na gaba. A bar shi ya shiga aji biyar lokacin lissafi, ya dawo ajinsu a sauran darussa. A gwada shi da baki, da Hausa, a ga ko abin da ke hana shi harshe ne. In hedimasta da iyaye sun ga ya cancanta, a tsallakar da shi aji, amma a duba shekarunsa da natsuwarsa tukuna, don ƙwaƙwalwa takan riga zuciya girma.

Gwamnatin tarayya tana da makarantar yara masu baiwa a Suleja tun 1990, kuma hukumar NECO ce ke shirya jarrabawar shigarta. Jigawa ta gina tata a Bamaina zamanin Sule Lamido. Ku tambayi hedimastocin ƙauyukan Bunza ko Danko-Wasagu yaushe aka taɓa kawo musu sanarwar wannan jarrabawa a kan lokaci. Rajistar ta intanet ce, akwai kuɗin fom, akwai kuɗin mota zuwa cibiyar jarrabawa. Yaran da ke zuwa galibi 'ya'yan waɗanda suka san hanya ne. Sannan tun sace ɗaliban da 'yan bindiga suka yi a kwalejin tarayya ta Birnin Yauri a 2021, uban da ya ce ba zai kai 'yarsa makarantar kwana ba, ba ni da bakin da zan ce masa ya yi kuskure. Saboda haka dole tallafin ya samu yaro a garinsu, tun yana aji uku ko huɗu, musamman 'yan mata da sukan ɓace mana tsakanin aji shida da ƙaramar sakandare.

Roƙona ga SUBEB, wato hukumar ilimin matakin farko ta jiha, da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi 21 shi ne kowace makaranta ta riƙa turo sunayen yara biyu ko uku a shekara, tare da bayanin abin da malami ya gani da idonsa, ba maki kawai ba. Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu ta ba malaman da ke bakin aiki horo kan alamomin baiwa lokacin hutu. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da masu hali a gari kuma su ɗauki kuɗin fom da na mota, su nemi ranar rufe rajista tun da wuri su kai wa hedimasta har ofis.