Ranar Ƙauyawa: wane ƙauyen ake kwaikwayo?

Makon jiya na je bikin 'yar yayata a wani ƙauye da ke gefen Ringim. Ƙawayen amarya da suka zo daga birni suka kafe sai an yi "ranar ƙauyawa". A cikin ƙauyen fa! Suka ɗaura zani a karkace, suka ɗiɗɗiga kwalli a goshi, jan baki har kumatu, wata ma ta shafa baƙi a haƙori wai ita mai giɓi. DJ ya tayar da janareta. Matan garin, waɗanda ake cewa su ake kwaikwayo, suna tsaye jikin danga da mayafansu suna kallon ikon Allah.

Tun da hukumar tace fina-finai ta Kano ta haramta wannan shagali a 2025, muhawarar ba ta wuce cakuɗuwar maza da mata da shigar banza ba. Wannan aikin malamai ne, na bar musu. Ni da masu cewa "ai raya al'ada muke yi" nake magana, domin wannan ikirari ne ya fi ba ni haushi.

Wace al'adar? Kiɗan Bahaushe aiki yake yi. A gayya, mai gangar noma bin manoma yake kunya-kunya, yana kaɗa wa kowa takensa, kuma duk wanda ya ji an ambaci ubansa da kakansa sai ya ƙara duƙawa, don kada a ce an bar shi a baya. Kalangu na mahauta ne, da shi gari ke sanin an yi yanka. Dundufa ta maƙera ce. Mata su kifa ƙwarya a kan ruwa su yi amada, su yi lugude a turmi, 'yanmata su yi gaɗa a dandali da farin wata, suna zuba habaici da zambo da waƙar da suka ƙirƙira nan take. Kafin makaɗi ya isa a kira shi makaɗi, sai ya san asalin kowane gida, wa ya haifi wa, wa ya yi suna a noma, wa ya taɓa kayar da wa a kokawa. Tarihin gari a kansa yake. Ku gaya mini, cikin duk wannan me ranar ƙauyawa ta ɗauko? Kwalli da dariya. Sun ɗauki baƙauye a matsayin wawa, irin wanda suka saba gani a wasan barkwanci, sannan suna so a gode musu.

Na san za a ce ai zamani ne ya kashe kiɗan, ba su ba. To, da gaskiyarsu ta wani gefen: ƙwadago da maganin feshi sun rage gayya, injin niƙa ya tafi da waƙar niƙa, kuma ba wanda zai ce uwarsa ta koma kan dutse don a ji waƙa. Amma da ma biki da suna da kalankuwa su ne ɗan abin da ya rage wa makaɗan karkara, kuma shi ne yanzu ake ƙwacewa ana miƙa wa mai lasifika. Masu cewa gara ma kiɗan ya mutu baki ɗaya kuwa, ban ga sun hana DJ kwana yana ihu ba.

Abin takaicin shi ne kuɗin. A biya DJ, a sayi fetur, a yi masa liƙi, ba mai cewa uffan. Makaɗi ya miƙo hannu, a ce maroƙi ya zo. Duk mai son raya al'ada da gaske ya ware wa makaɗan garinsu rabin abin da yake ba DJ, ƙananan hukumomi kuma su naɗi muryoyin dattawan nan tun suna raye.

A bikin namu, tsohon da ya yi wa yayata kiɗa ranar nata auren ya zo da kalangunsa a rataye. Na ce masa, "Baba, ko za ka ɗan taɓa mana?" Ya dubi lasifikar, ya ce in bari sai fetur ɗinsu ya ƙare. Har na bar garin bayan isha'i janaretan bai mutu ba.