Kunnen Malkus

Jiya wani ɗan'uwa ya ce mini, "Ka bar wa'azin ƙaunar nan, duniya ta mai ƙarfi ce." Ban yi masa musu ba, don abin da ido ke gani kullum yana goyon bayansa. Amma na kwana da maganar.

Da mutanen Babila na dā za su ji shi, da sun tafa masa. A labarinsu, gunkinsu Marduk ne ya kashe Tiyamat, allahiyar teku, ya tsaga gawarta gida biyu, rabi ya zama sama, rabi ƙasa. Wato da jini aka aza harsashin duniya. Littafin Farawa, na farko a Littafi Mai Tsarki, bai ce haka ba. Allah ya yi magana, haske ya kasance, ya duba ya ga yana da kyau. Sai a sura ta 4 jini ya fara zuba, ranar da Kayinu ya kashe Habila. Kisa baƙo ne, a gine ya tarar da gidan. Sai dai baƙon akwai saurin yaɗuwa: kafin surar ta ƙare, Lamek, daga zuriyar Kayinu, na yi wa matansa alfahari cewa tasa ramuwar sau 77 ce. Ramuwar gayya ke nan, wadda aka ce ta fi gayya zafi.

Inda na fi tsayawa shi ne Getsamani, lambun da aka kama Yesu. Bitrus, almajirinsa, ya zaro takobi ya sare kunnen dama na Malkus, bawan babban firist. Gaskiya, da ina wurin, da na ce madalla. Yesu kuwa ya ce a mai da takobi kube, ya miƙa hannu ya taɓa kunnen mutumin da ya zo kama shi, ya warkar. Hannun nan ne aka ɗaure bayan ɗan lokaci.

Da ya tashi daga matattu fa? Bai nufi fadar Bilatus, gwamnan da ya ba da shi a gicciye, ba, bai je ƙofar Kayafa babban firist ba. Wurin almajiran da suka gudu suka bar shi ya je, suna kulle a ɗaki don tsoro, ya ce, "Salama a gare ku." Tabon ƙusa yana nan, har almajirinsa Toma ya gani, amma ba a biya shi da jinin kowa ba.

Ban ce wanda aka kashe wa nasa ya yi dariya ba, ban kuma ce hukuma ta daina hukunta mugu ba. Ni kaina, in aka taɓa ni, hannuna kube yake nufa.

Da safe na tura wa ɗan'uwan nan Luka 22:51, ayar da Yesu ya warkar da kunnen. Ya karanta, har yanzu bai ce komai ba.